Matar da Ke Tsaye a Bakin Dogo

Kun sha tambayar iyayenku dalilin da ya sa Sadiku yake zaune a Abule Egba alhali ga ɗakinsa nan a Agege a rufe, kuma na san amsar da ake ba ku. Ana ce muku na kori ɗan cikina saboda ɗan haya. Wasu ma cewa suke saboda wasan waya na kore shi, wai tsohuwa ta ga abin da ba ta gane ba ta tsorata. Ban yi makaranta ba, gaskiya ne, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi. Amma ba a taɓa shigowa gidan nan da wani abu ban san da shi ba. Shi ya sa na ce wa jikata Bilki ta zauna ta rubuta yadda zan faɗa, kada ta gyara min magana. Ku karanta ina raye ko bayan ba ni, duk ɗaya ne a wurina.

Sadiku shi ne autana. A shekarar da nake ba ku labari yana da shagon gyaran waya kusa da tashar motocin haya na danfo, amma ba da gyara aka san shi ba, da sharhi aka san shi. Duk wasan da ya fito, na waya ko irin wanda samari ke zama a gidan gem suna dannawa, sai ya buga shi har ƙarshe, sannan ya rubuta abin da ya gani ya saka a shafinsa, mutane su karanta kafin su ɗauka. Da Hausarmu ta nan yake rubutawa, mai Turanci da Yarbanci a ciki, har daga Kano da Yamai ana binsa. Bakinsa na ubansa ne. Marigayi Alhaji idan miya ta yi lami ba ya cewa ba gishiri, sai ya ajiye cokali ya ce lallai yau an tausaya wa masu hawan jini. Na zauna da bakin nan shekara da shekaru, na san shi ciki da waje. Gatse a fuska yake zaune, a gira, a gefen leɓe, a yadda ake jan murya. Alhaji yana faɗa kana kallonsa, ka san inda ya dosa. Sadiku kuwa ya ɗauki bakin ubansa ya zuba shi a inda babu fuska.

Ɗan hayan da ake faɗa Mudi ne. Ubansa abokin Alhaji ne daga Isolo, shi ya kawo min shi da hannunsa ya ce ga amana, na ba shi ɗakin ƙarshe kusa da rijiya. Mutum ne marar magana, da safe ya tafi wurin aikinsa na buga takardu, ya dawo ya rufe ƙofa a kan kwamfutarsa. An daɗe ana haka kafin mu san abin da yake ƙerawa. Ashe wasa ne na waya, kuma unguwarmu ya zana a ciki. Kai ne ɗan ga-ruwa, kana tura kura cike da jarkoki, ka bi lungu, ka kauce wa baburan okada, ka tsallake kwata, ka haye layin dogo kafin jirgi ya iso. Idan jirgi ya same ka sai ka sake tashi, don rai uku ake ba kowa. Da ya gama, sai ya fara ba wa Sadiku, don yana ganin girman alƙalaminsa, kuma tare suke cin tuwo a kwano ɗaya a tsakar gidan nan.

Dole in gaya muku wace ce Kande, don ba ku san ta ba. Bazawara ce daga ƙasar Sakkwato, mai sayar da fura a bakin dogo. Doguwa, wuyanta ya ɗan karkace hagu saboda ɗaukar ƙwarya tun tana ƙarama. Wata rana da hantsi tana tsallakawa da kayanta kwananta ya ƙare, jirgi ya bi ta kanta. Ni nake wa matan unguwar nan wankan gawa tun ina da ƙarfina, ni aka kira. Ba zan faɗi abin da na gani ba, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ɗanta guda, Haruna, yana ƙauye lokacin. Kafin mota ta kawo shi an riga an rufe ta, sai tudun ƙasa aka nuna masa. Daga nan bai koma ba, ya samu aikin ɗaukar nama a mahauta ya zauna. Duk wannan ya faru kafin Mudi ya tare a gidan nan. Bai taɓa ganin Kande ba, ko sunanta bai sani ba.

Ranar da Sadiku ya gama sharhinsa ina tsakar gida ina tsince shinkafa, shi da abokansa suna zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, yana karanta musu da bakinsa, yana ɗaga gira yana maƙale murya, suna ta dariya. Ya yabi lungunan, ya zagi ƙafar kurar da ba ta juyawa. Sai ya zo wurin da na ce wa Bilki ta nemo ta kwafe shi yadda yake, don kada a ce na ƙara.

"Masha Allah, oga Mudi ya yi abin da ya gagari manyan kamfanonin duniya. Ku tura kurarku zuwa bakin dogo, za ku tarar da wata enpisi a tsaye. Ba ta motsi, ba ta magana, ka bi ta cikinta ka wuce kamar hayaƙi, wani lokaci ta nutse a ƙasa har ƙugu ta sake fitowa. Masu hassada za su ce gilic ne. Ni na ce Kande mai fura ce ta dawo duba kasuwa. Tunda rai uku ake rabawa kyauta, ita ma a bar ta ta karɓi nata."

Ban san enpisi ba, ban san gilic ba, amma na ga fuskarsa, na gane cewa Mudi ya yi kuskure a aikinsa ne ake masa ba'a. Duk da haka hannuna ya tsaya a cikin shinkafa. Na kira shi gefe na ce ya cire sunan matar nan.

"Iya, ai ya riga ya tafi. Kowa ya san wasa ne."

"Kowa wa?" na ce.

Ya yi dariya irin ta ubansa ya koma wurin abokansa.

Ku da kuka tashi kowa da karatunsa ba za ku san yadda labari ke tafiya a unguwar nan ba. 'Yan ci-rani da ke zuwa daga ƙauyuka, masu tura kura da masu dako da masu wankin takalmi, kusan kowa da wayarsa, amma ba kowa ke haɗa baƙi ba. Abin da aka saba shi ne da safe a teburin mai shayi na bakin layinmu, duk wanda aka turo wa rubutu sai ya miƙa wa Malam Sabo tela ya karanta wa jama'a. Malam Sabo mutumin kirki ne, amma murya ɗaya gare shi. Da ita yake karanta sanarwar rasuwa, da ita yake karanta farashin masara, a hankali, da nauyi, kamar mai labarai a rediyo, idonsa a kan waya, fuskarsa ba ta cewa komai. Washegari na fito zan je cefane, na ji kalmomin ɗana suna fitowa daga bakin Malam Sabo. Kalmomin jiya ne, ko ɗaya bai canza ba. Na tsaya. Mutum ya fi cikin teburin, wasu a tsaye da kofi a hannu. Da ya kai kan sunan Kande babu wanda ya yi dariya. Wani ya ajiye burodinsa. Da ya kai wurin nutsewa a ƙasa, na ji an yi salati ƙasa-ƙasa daga baya.

Sai suka fara tambayar kalmomin da ba su sani ba. Malam Sabo ya ce shi ma bai sani ba, a tambayi yaran gari. Akwai samarinmu haifaffun nan a wurin, masu zuwa gidan gem, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba su yi ƙarya ba. An tambaye su enpisi, suka ce mutum ne da ke cikin wasa amma babu kowa a cikinsa, ba mai tuƙa shi, yana nan ne kawai. An tambaye su gilic, suka ce abu ne da ke fitowa ba tare da mai wasan ya kira shi ba, shi kansa bai san ta inda ya shigo ba. Suna faɗa suna gimtse dariya suna taɓa juna da gwiwar hannu, don ya yi musu daɗi a ce akwai abin da suka sani baƙi ba su sani ba. Kalma ɗaya da za su ƙara, su ce zolaya ce, ba wanda ya ƙara. Na kalli fuskokin 'yan ci-ranin nan na ga bayanin ya zauna musu daram.

Kafin mako ya zagayo wasan Mudi ya shiga kowace waya a unguwar nan, amma ba don a buga shi ba. Da tsakar rana, lokacin da aiki ke tsayawa, sai ka ga maza jere a inuwar shaguna, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai magana. Kowa ya tura kurarsa ta cikin waya zuwa bakin dogo ya tsaya gaban matar, yana kallo. Ba mai tsallakawa. Layinmu da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya, sai ya zama idan na wuce ina jin ƙarar takalmina. Na ga wani dattijo ɗan dako ya yi wa wayarsa sallama ya jira amsa. Wata maƙwabciyarmu da suka taɓa sa-in-sa da Kande ta ari wayar mijinta ta shiga ɗaki, na ji ta ta bango tana neman gafara. A ƙarƙashin rubutun kuma Bilki ta karanto min abin da mutane ke cewa. Rabi dariya suke suna yaba wa Sadiku iya baki, suna ƙara nasu da kalmomin da su kaɗai suka gane. Rabi suna neman tsari, suna tambayar ko malamai sun san da wannan. Masu dariyar suna yi wa masu tsoron dariya, masu tsoron suna ganin dariyar shaida ce ta cewa an san abin da aka aikata.

Mudi ne ya fara ɗanɗanawa. Masu ga-ruwa suka daina tsayawa a ƙofarmu. Mai kayan miya ta ce in aiko wani, kada shi. Ran Juma'a ya dawo daga masallaci ya zauna a bakin rijiya bai cire hula ba, da na matsa masa ya ce an bar masa fili a sahu, hagu da dama, ba wanda kafaɗarsa ta taɓa tasa. Ya rantse min cewa siffar matar ma ba shi ya zana ba, a shirye ya samo ta wurin wasu masu zane na ƙasar waje, ya canza mata launin zane kawai ya ajiye ta a bakin dogo don wurin ya yi kama da wurin mutane. Ya ce kuskure ne ya sa take nutsewa, zai gyara. Na ce ya bari tukuna, don in ta daina nutsewa yau, gobe za a ce ta ji ana maganarta.

Sai Haruna ya zo. Da azahar ce, rana tsaka, ya tashi daga mahauta da rigarsa ta aiki, ya tsaya a ƙetaren layi daidai ƙofarmu. Bai yi sallama ba, bai buga ƙofa ba. Da na leƙo sai ya buɗe tafin hannuwansa biyu ya nuna min, don in ga ya bar wuƙarsa a wurin aiki. Na tsallaka na same shi, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata.

"Hajiya, ban zo hwaɗa ba. Ni dai a hiddo min uwata."

Na ce masa uwarsa tana kabarinta, ni na yi mata wanka, ni na ɗaure likkafaninta da hannun nan, na tsaya har maza suka ɗauke ta. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa.

"Jiki kinka wanke, Hajiya," ya ce.

Washegari ya dawo, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, ya buɗe hannuwa, ya tsaya har aka kira la'asar. Haka kullum. Da farko shi kaɗai ne. Daga baya mutanen garinsu biyu suka tsaya a bayansa. Daga baya na daina iya gane fuskokin, wasu ban taɓa ganinsu a Agege ba. Ba mai ɗaga murya, ba mai jifa. Na rayu a garin nan na ga abin da taro ke yi wa mutum idan an yi masa ihun ɓarawo sau ɗaya, kuma na san taron da ya yi shiru ya fi kusa da hakan. Mudi ya daina zuwa aiki. Tagar ɗakinsa tana kallon layi, ya rufe ta da tabarma.

Na samu Sadiku na ce masa abu ɗaya nake so. Ya tsallaka layin nan, ya tsaya gaban Haruna, ya karanta masa rubutun da bakinsa da fuskarsa yadda ya karanta wa abokansa, sannan ya ce masa shi ya ƙirƙiro, shi ya ɗauko sunan uwarsa ya liƙa wa zane don a yi dariya, ya ba shi haƙuri. Na san Haruna ba zai yarda da ni ba, ba zai yarda da Mudi ba, don mu ne ake tuhuma da ɓoyewa. Wanda ya sa sunan shi kaɗai zai iya cire shi. Sadiku ya ce marubuci ba ya bin mutane gida-gida yana fassara musu wasa, in ya yi haka sau ɗaya ya gama. Ya ce laifin jahilci ne ba nasa ba. Ya faɗi kalmar ya tuna wadda yake magana da ita, ya sunkuyar da kai. Ya ce in bar masa, zai gyara ta hanyarsa.

Hanyarsa ita ce ya sake rubutu. Da safe na ji shi a bakin Malam Sabo, da muryar nan tasa ta sanarwa. Wai ana ba al'umma haƙuri, ashe ba Kande kaɗai ba ce, oga Mudi ya buɗe ofis, duk wanda ya rasa wani nasa ya kawo suna a saka masa a layi, akwai sauran fili a bakin dogo. Nufinsa ya kai abin maƙura har kowa ya ga wauta ce ya yi dariya. Waɗanda suka saba dariya sun yi. A ranar nan bayan azahar aka yi sallama a ƙofata. Wani tsoho ne mai gyaran takalmi, sanye da rigarsa ta Juma'a, ya tsuguna ya ce yana neman mai wasan, matarsa ta rasu a gida yana nan Legas, yana so ya ƙara ganinta ko ba za ta yi magana ba. Ya faɗi sunanta da sunan ubanta, ya ce tana da zane uku-uku a kumatu. Bayansa wata Bayarabiya ta zo da hoton ɗanta a cikin leda. Na mayar da su da magana mai laushi, iyakar laushin da nake da shi. Suna fita ta gaban Haruna da mutanensa suka bi, kuma kowa ya ga abin da suka zo nema. Ranar taron ya matso daga ƙetaren layi zuwa tsakiyarsa, har okada sai sun zagaya.

Kafin la'asar Sadiku ya dawo ta ƙofar baya. Na sa shi ya zauna a tabarmar ubansa. Na ce masa Mudi amana ne a hannuna, in aka taɓa shi a ƙarƙashin rufin nan ba ni da fuskar da zan kalli ubansa da ita, ba ni da wadda zan tashi da ita gobe ƙiyama. Na ce ga ƙofa nan, Haruna yana bayanta, taku kaɗan ne.

"Ko ka fita ta ƙofar gaba ka yi masa magana, ko ka fita ta ta baya da kayanka."

"Iya, saboda ɗan haya?"

"Saboda matar da na wanke."

Ya daɗe yana kallona. Na ga yana jira in ɗaga gira, ko gefen bakina ya motsa, irin alamar da ya saba nema a fuskar mutanen gidanmu. Bai samu ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, na ji yana zuge jaka. Na zauna ina kallon ƙofar gaba, ina roƙon Allah a zuciyata. Ta baya ya fita. Na ji tashin okada a lungu, na bi ƙarar da kunne har ta ɓace cikin sauran.

Sannan na yafa mayafi na buɗe ƙofar gaba, na ratsa mutanen nan, na kama hannun rigar Haruna na ce ya biyo ni shi kaɗai. Na gaya wa sauran cewa wanda ya yi rubutun ɗana ne, ya ƙi fitowa ya janye, na fitar da shi daga gidana, wanda ke da sauran magana ya yi da ni. Suka dubi juna. A wurinsu uwa ba ta korar auta a kan abin wasa, wannan sun fahimce shi ba sai an fassara ba. Wasu suka fara ja da baya.

Na shimfiɗa wa Haruna tabarma a tsakar gida, na sa Mudi ya fito da kwamfutarsa ya ajiye a kan turmi da aka kife. Ya buɗe wasan ya tura kura ta lungunan da na sani, ta gaban shagon Malam Sabo, ta gefen masallaci, har bakin dogo. Ranar ce na fara ganinta, don duk kwanakin nan na ƙi kallo. Zane ne kawai, ko hanci sosai ba ta da shi, hannuwanta kamar itace. Na san daga ƙasar waje aka samo ta, na san wanda ya zana ta bai taɓa jin sunan Agege ba. Na faɗa wa kaina haka ina kallo. Amma wuyanta ya karkata hagu. Na tambayi Mudi daga baya, ya ce duk siffofin da ya samo haka wuyansu yake, har mazan da ke tashar danfo a cikin wasan, ya nuna min, kuma haka ne. A kansu ban ga komai ba. A kanta na ga Kande. Tana tsaye, sai ta fara sauka cikin ƙasa a hankali, gwiwa, cinya, ƙugu, ta tsaya, ta dawo sama. Haruna bai yi kuka ba. Ya matso da fuskarsa har numfashinsa ya yi hazo a gilashin, ya ce ita ce.

Mudi ya yi masa bayani da duk Hausar da yake da ita, bai sa kalmar gidan gem ko ɗaya ba. Ya ce zai cire ta yanzu a gabansa, daga nan har wayoyin mutane, duk wanda ya sake buɗewa ba zai same ta ba. Haruna ya gyaɗa kai. Mudi ya danna abin da zai danna. Ya sake tura kurar zuwa bakin dogo. Ga layi, ga duwatsu, ga inuwar shago, ba kowa. Jirgin wasan ya zo ya wuce. Ina jin ɗigar ruwa daga guga a bakin rijiya. Na ɗauka an gama. Sai Haruna ya ɗago ya kalli Mudi, ya kalle ni.

"To yanzu ina kunka kai ta?"

Na ce wa Haruna ba mu kai ta ko'ina ba, ba ta taɓa shiga ba, tun farko babu kowa a wurin. Ya gyaɗa kai irin yadda yaro mai tarbiyya ke yi wa babba idan ba ya son ƙaryata shi. Ya yi godiya, ya sa takalmansa, ya fita. Taron ya watse a bayansa, bai sake haɗuwa ba. Amma masu wucewa sun riƙa ganinsa da azahar a bakin dogo na gaske, daidai inda take ajiye ƙwaryarta, a tsaye da rigar aiki, yana duban ƙasa. Da damina ta faɗi a arewa ya bi 'yan garinsu, bai sake dawowa ci-rani ba. Na sa an tambaya, ba wanda ya kawo min labari mai ƙarfi.

Mudi ba a taɓa shi ba. A hankali sahu ya rufe a gefensa, ga-ruwa suka dawo ƙofarmu. Wasan kuwa da kansa ya janye shi gaba ɗaya, aikin da ya ci masa shekaru, bai kuma ƙera wani ba. Ya zauna da ni har ya yi aure ya koma Isolo, na mayar wa ubansa da shi lafiya yadda ya ba ni.

Sadiku yana zuwa da Sallah, kun gani, ya durƙusa ya gaishe ni, in sa masa albarka, ya ci abinci ya tafi kafin magariba. Ban taɓa ce masa kada ya dawo ba. Sharaɗin da na sa masa yana nan yadda yake, sai dai wanda zai je ya yi wa maganar ba a san inda yake ba, kuma mu biyun mun san haka, shi ya sa ba ma tayarwa. Yana nan yana sharhinsa, an ce mabiyansa sun ƙaru, kuma ina sa a karanta min duk wanda ya fitar, don ɗana ne, ina son jin bakinsa. Idan waninku ne ke karantawa ya ji na tsayar da shi a kan wani suna na tambaya ko mai shi yana raye, kada ya tsaya yi min bayanin wasa. Ya ba ni amsa kawai, ya ci gaba.